Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Katsina kan karayar da ke kwantar da tsofaffinmu

Assalamu alaikum.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, Allah ya taya ka riƙon wannan amana. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ina zaune a Daura. Wannan takarda ba tawa ba ce ni kaɗai. Na rubuto ta da yawun matan da ke jinyar iyaye da surukai a cikin ɗakuna, a nan cikin gari da ƙauyukan Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure, da kuma su kansu tsofaffin da ke kwance, waɗanda kukansu ba ya wuce zaure.

Muna ganin aikin da ake yi na gyara asibitocin matakin farko a mazaɓu, da awon ciki, da rigakafin yara, kuma ba mu raina ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a duk wannan hidima ana tunawa da mace ne muddin tana haihuwa. Ran da al'ada ta ɗauke mata sai ta fita daga lissafi, alhali a daidai lokacin ne ƙashinta ke fara zaizayewa da sauri. Cutar zaizayewar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, ba mu jin ana ambatonta a wajen awo, ba mu jin ta a rediyo, ba mu ganin ta a takardun da ake mannawa a bangon asibiti. Karayar da take jawowa kuwa, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da ita ba.

Ba kai zan koya wa wannan ba, amma tunda wasiƙar a buɗe take, bari in yi ɗan bayani saboda sauran masu karatu. Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na sinadarin kalsiyam da ke jikin mutum a ƙashi da haƙora yake ajiye. Daga yarinta zuwa wajen shekara 30 gini ya fi rushewa yawa, daga nan abin ya daidaita, sannan ya fara ja da baya. A jikin mace, sinadarin istirojin ne ke taka wa rushewar burki. Idan al'ada ta ɗauke sai ya ragu, har wata macen takan rasa abin da ya kai kashi 20 cikin 100 na ƙwarin ƙashinta a shekaru 5 zuwa 7 na farko. Babu zafi, babu zazzaɓi, babu kumburi. Kamar gara ce a cikin ginshiƙin rumfa, daga waje lafiya lau, sai ran da aka jingina. Gidauniyar duniya mai yaƙi da wannan cuta ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5, daga masu shekara 50 zuwa sama, za su samu karaya ta dalilinta. Wuyan hannu, ƙashin baya da ƙugu su ne suka fi karyewa.

Kukanmu na farko, kuma shi ne babba: ana ɗora karaya, amma ba a tambayar abin da ya sa ƙashin ya karye.

Akwai wata dattijuwa a danginmu, a wani ƙauye arewa da Daura, ta haura 60, tana sayar da daddawa da kuka a cikin gida. Ta fito alwala da asuba, santsi ya kwashe ta a bakin rariya, ta dafa ƙasa, wuyan hannu ya karye. Irin faɗuwar da jikarta za ta yi ta tashi ta kakkaɓe zani ta wuce. Aka kai ta wani asibiti, aka ɗauki hoto, aka sa mata siminti, aka ba ta maganin zafi aka sallame ta. Ɗorin ya yi kyau, hannu ya warke. Sai dai babu wanda ya tambaye ta yaushe al'ada ta ɗauke mata, ko mahaifiyarta ta taɓa karyewa a ƙugu, ko wane magani take sha, alhali ta daɗe tana shan haɗin kyamis saboda ciwon gwiwa. Ba a rufa shekara biyu ba ta yi tuntuɓe da dokin ƙofar ɗakinta cikin duhu, ƙugu ya karye. A lokacin ne labari ya iske ni. Na je na tarar da surukarta da 'yarta suna cicciɓarta a cikin zani, ɗaya ta kai ɗaya ta ƙafa, don a canja mata shimfiɗa, ita kuma tana cije leɓe kada jikoki su ji kukanta. Da muka juya ta, gyambon kwanciya ya riga ya buɗe a ƙasan bayanta. Surukar ta ajiye sana'ar awara, yarinyar gidan ta daina zuwa makaranta saboda zaman jinya. Kafin damina ta zagayo Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, mun yi imani da haka. Amma karayar hannun nan gargaɗi ce, kuma a gaban ma'aikatan lafiya aka yi ta. Wanda ya karye sau ɗaya daga 'yar faɗuwa, haɗarin sake karyewarsa yakan kusan ninkawa, ya kuma fi tsanani a shekaru 2 na farko. Karayar ƙugu kuwa ba wasa ba ce. Ko a ƙasashen da ake yi wa mutum tiyata cikin kwana ɗaya ko biyu, kusan 1 cikin 5 ba sa cika shekara a raye, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu ba sa komawa tafiya da ƙafarsu ba tare da taimako ba. Kwanciyar ce ke kisa: ciwon huhu, daskarewar jini a jijiyar ƙafa, gyambo, ciwon mafitsara. To, ina ga tsohuwar da aka shimfiɗe a tabarma a ƙauye, babu tiyata, babu mai gasa mata jiki?

Kuka na biyu shi ne na gane cutar. Muna da tsofaffi da suka rankwafa, suka gajarce, zanin da suke ɗaurawa daidai idon sawu yanzu yana jan ƙasa, kowa yana cewa ai tsufa ne. Sau da yawa ƙasusuwan baya ne suka murmushe ɗaya bayan ɗaya. Kusan kashi 2 cikin 3 na irin wannan karaya ba a gano ta, domin ko dai ba ta yi zafi sosai ba, ko an ɗauke ta a ciwon baya na yau da kullum an ba da maganin shafawa. Hoton ƙashi da muka saba ɗauka ba ya nuna zaizayewar sai an riga an rasa wajen kashi 30 cikin 100. Na'urar da ke auna ƙwarin ƙashi daban take, ana kiranta DXA. Mutum zai kwanta da kayansa a jiki, ta auna ƙugu da ƙashin baya cikin minti 10 zuwa 20, babu allura, babu zafi. Tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'aunin karanta sakamakon wannan gwaji: makin da ya kai −1 ko sama lafiya ne, tsakanin −1 da −2.5 ƙashi ya fara raguwa, −2.5 ko ƙasa da haka cutar ta tabbata. A cikin matan da nake magana da yawunsu, ban samu wadda aka taɓa ambata wa wannan gwaji ba, balle a tura ta.

Na san za a ce na'urar tana da tsada. Gaskiya ne. Amma rashinta ba hujja ba ne na naɗe hannu. Ma'aunin tsawo nawa yake? Wadda ta gajarce da santimita 4 ko fiye daga tsawonta na ƙuruciya ta cancanci a ɗauki hoton bayanta. Tambayoyin da ke nuna mai haɗari ba su fi a ƙirga da yatsu ba: shekaru, karayar da ta gabata, karayar ƙugu a iyaye, rama sosai, ɗaukewar al'ada kafin shekara 45, shan taba, amosanin gaɓɓai, da magungunan da ake sha. Jami'ar Shefil ta Ingila ta haɗa irin waɗannan tambayoyi ta fitar da wani lissafi mai suna FRAX a 2008, wanda ke ƙiyasta haɗarin karaya cikin shekaru 10, kuma ana iya aiki da shi ko babu sakamakon na'ura. Bayan haka, wanda ya haura 50 ya karye a ƙugu ko a baya daga faɗuwar da ba ta wuce tsayinsa ba, likita yana iya fara masa magani ba sai ya jira awo ba.

Na uku ya fi ƙona mini rai, domin da kuɗinmu muke sayen sa. Ranka ya daɗe, ka sa a shiga kyamis na ƙauye ran kasuwa a ce ana son maganin ciwon jiki. Za a ƙullo ƙwayoyi huɗu ko biyar a farar leda, babu kwali, babu suna, kuma sau da yawa a cikinsu akwai 'yar ƙaramar deksametason ko firednisolon, magunguna masu ƙarfi na rage kumburi. Tsohuwa za ta sha, gwiwa ta saki, cin abinci ya buɗe, fuska ta ciko, 'yan gida su ce Iya ta murmure. Jibi sai a koma a ƙaro. 'Yan mata kuma suna shan irinsa don su yi ƙiba kafin biki, shi ne wanda ake yi wa kirari da sha ka fashe, ga kuma mayukan bilicin da ake cusa wa danginsa. Waɗannan magunguna suna hana jiki gina sabon ƙashi, suna rage kalsiyam ɗin da hanji ke tsotsa daga abinci, kuma ɓarnar ta fi sauri a watannin farko. Wanda ya yi wata 3 yana shan firednisolon kullum, ko miligiram 5 ne kawai, ƙashinsa ya shiga haɗari, ban da ciwon suga da hawan jini da suke biyo baya. A doka magunguna ne da ba a bayarwa sai da takardar likita, masu ƙananan shagunan magani ba su da izinin sayar da su. Ga wani abin da ya kamata kowa ya sani: wanda ya daɗe yana sha ba ya dainawa rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage masa a hankali, in ba haka ba jiki na iya rikicewa har a rasa rai. Shi ya sa kama mai kyamis kaɗai ba zai wadatar ba, dole a tanadi inda masu shan za su je a yaye su. Akwai kuma masu asma da ciwon ƙoda da amosanin gaɓɓai da likita ne ya ɗora su a kai da hujja. Su ma ya kamata a tuna da ƙashinsu tun ran da aka rubuta musu.

Sai maganar abinci, wadda a gaskiya tun daga yarinta take farawa, domin abin da yarinya ta tara a ƙashinta kafin shekara 30 shi za ta ci a tsufa. A 1999 aka buga wani bincike da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a kan yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe. An gano cewa abin da suke samu na kalsiyam bai wuce wajen miligiram 200 a rana ba, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Abincin yaran nan bai bambanta sosai da namu ba, tuwo ne da koko. Babba yana buƙatar wajen miligiram 1,000 a rana, macen da ta haura 50 wajen 1,200, kofin madara ɗaya kuma yana da wajen 300. Abin takaici, a ƙasar fura da nono, nonon ya zama na mai hali tun da satar shanu ta tarwatsa rugage, wanda ake samu ma wani lokaci ruwa ya fi yawa. Duk da haka ba mu rasa madafa ba. Kuka, zogale, alayyahu, riɗi, tamba, wake da ƙananan busassun kifin da ake dakawa da ƙayarsu duk suna da kalsiyam, kuma ba daga waje ake kawo su ba. Abin da ya rage shi ne a faɗa wa uwa, a wajen awo da ranar rigakafi, cewa kwanon 'ya mace mai tasowa da na kaka ba su ne na ƙarshe a rabo ba.

Rana kuwa Allah ya ba mu har ta yi yawa, amma tsohuwar da ke wuni a ƙuryar ɗaki ba ta samunta, kuma da hasken rana fata ke haɗa bitamin D, wanda sai da shi kalsiyam ke shiga jiki. A fito da ita tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙwauri a buɗe, babu wani namiji baƙo da zai gan ta. A bar ta ta yi 'yar shara, ta taka zuwa maƙwabta. 'Ya'yan da ke hana uwa motsi da sunan hutar da ita, da kyakkyawar niyya suke raunana mata ƙashi da tsoka.

Ba zan tsallake masu ɗori ba. Su ne mutanenmu suka fara nufa, saboda suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, ana kuma yarda da su tun kaka da kakanni. Ban zo cin mutuncinsu ba. Amma ƙashin ƙugu yana can ciki a ƙarƙashin tsoka, babu karan da zai riƙe shi daga waje, kuma idan wuyan ƙashin cinya ya karye ya goce, jinin da ke ciyar da kansa yakan yanke. Wannan sai tiyata, a sa ƙarfe ko a canja kan ƙashin, a tayar da mutum tsaye cikin 'yan kwanaki. Kowane mako da aka ɓata ana ja ana shafawa, daga rayuwar majinyacin ake cirewa. Haka ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi suka yi baƙi, mun ga inda ya kai ga yanke hannu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A fitar da umarni zuwa ga dukkan asibitocin jiha cewa duk wanda ya haura 50 ya zo da karaya daga 'yar faɗuwa, ba za a sallame shi ba sai an yi masa tambayoyin nan, an auna tsawonsa, an duba magungunan da yake sha, an kuma ba shi ranar dawowa don maganar ƙashinsa gaba ɗaya. A ɗora wa ma'aikaciyar jinya guda a kowane babban asibiti alhakin bibiyar waɗannan mutane, da littafin da za a riƙa rubuta su. Wannan ba ya buƙatar sabon gini ko kwangila, kuma daga littafin ne ma'aikatarka za ta san yawan ƙugun da ke karyewa a ƙananan hukumomi 34 na jihar nan.

A sa maganin cutar cikin jerin magungunan asibitocin gwamnati da na hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, tare da kalsiyam da bitamin D. Alandironet ƙwaya ɗaya ce ta miligiram 70 a mako, ya daɗe a kasuwa, kuma ga wadda ta riga ta karye a ƙashin baya yana rage haɗarin sabuwar karaya da kusan rabi. Sai dai yana da ƙa'ida, in ba a koya wa mutum ba zai ƙona masa maƙogwaro ya watsar. Ana shan sa da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa zalla, ba koko ba, ba shayi ba, sannan a zauna a miƙe rabin awa ba a kwanta ba. Ni nakan ce wa tsofaffi su sha bayan sallar asuba su zauna lazimi, kafin su shafa lokacin karin kumallo ya yi. Kafin a fara a duba ƙoda da haƙora, bayan shekaru 3 zuwa 5 kuma likita ya sake dubawa ko za a ci gaba. Wadda cikinta ba ya jure ƙwayar, akwai zoledironet da ake ƙarawa ta jijiya sau ɗaya a shekara.

A nemo na'urar DXA, ko guda ɗaya ce a farko, a ajiye a Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi, ko a haɗa hannu da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a sa kuɗin da talaka zai iya, da niyyar shiyyar Daura da ta Funtua su samu tasu daga baya. A kuma tanadi hanyar da tsohon da ya karye a ƙugu zai kai ga tiyata cikin gaggawa, ba sai 'ya'yansa sun gama sayar da awaki da gona ba.

Ma'aikatarka ta zauna da NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna, da hukumar da ke ba masu shagunan magani lasisi da ƙungiyar masu kyamis a kan haɗin leda. Ta kuma kira masu ɗori, ta hannun masarautun Katsina da Daura, a yi zama na mutunci, a nuna musu irin karayar da ba tasu ba ce, a ba su lambar da za su kira su miƙa majinyaci ba tare da an ci musu fuska ba. Ɗaliban makarantun koyon aikin lafiya na Kankia da Daura, waɗanda su ne za su zauna a asibitocin mazaɓu 361, a koya musu wannan cuta kafin su fito.

Na ƙarshe mai sauƙi ne. Ranar 20 ga Oktoba ce ranar wannan cuta ta duniya. A ba ta fili a gidan rediyon jiha da Hausar da kaka za ta gane, a kuma roƙi limamai da malaman Islamiyya su taɓa maganar. A gaya wa magidanta su sa fitila tsakanin ɗakin tsohuwa da bayan gida, su kafa mata abin dafawa a wajen tsuguno, su gyara wajen alwala da ya yi gansakuka, su rage tudun dokin ƙofa, su sauya silifas ɗin da ya suɗe, su kai ta a duba yanar ido, kuma kada ta ji kunyar riƙe sanda. A faɗa musu cewa maza ma suna karyewa, musamman masu shan taba da waɗanda suka daɗe a kan magungunan da na ambata.

Mu da muka yi ritaya muna nan da yawa a Daura da kewaye, kuma hannunmu bai manta aiki ba. In ma'aikatarka ta buga takardar tambayoyin ta ba mu ma'aunin tsawo, za mu shiga makarantun Islamiyya na matan aure da gidajen suna mu fara, mu turo muku waɗanda muka samu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon dubawa. Wassalam.

Taka mai biyayya,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Daura,
a madadin masu jinyar tsofaffi a gida.